Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Rarrabe Tawadar Allah da Sankarar Fata

GABATARWA

Da wuya a sami ɗan'adam wanda ba shi da tawadar Allah a jikinsa. Wani a kumatu, wani a wuya, wani kuma a gadon baya inda shi kansa bai taɓa ganinta ba. Wasu da ita aka haife su, wasu kuwa daga baya take fito musu, tun daga ƙuruciya har zuwa samartaka. Galibin mutane sukan rayu da ita har su koma ga Mahaliccinsu ba ta taɓa hana su barci ba. Amma akwai wata irin sankara ta fata wadda likitoci suke kira melanoma, wadda tushenta ɗaya da tawadar Allah, watau dukansu daga ƙwayoyin da ke yi wa fata rini suke tsirowa. Wannan sankara, in aka cire ta da wuri, yawanci an rabu da ita ke nan. In kuwa aka bari ta nutsa cikin fata, takan bi ta kaluluwa da jini ta kai huhu da hanta da ƙwaƙwalwa.

Da a ce kowace tawada tana da kama guda, kowace sankara kuma tana da tata, da aikin likita ya yi sauƙi. To, amma akwai waɗansu ire-iren tawadar Allah waɗanda ba a saba gani ba, masu kama da melanoma ko da waɗansu ƙarin fata dabam, har ƙwararre ya ɗauki wannan a matsayin wancan. Kuskure a nan iri biyu ne, kuma kowanne da nauyinsa. In aka kira tawada sankara, za a yi wa yaro lafiyayye babbar tiyata, a bar masa tabo a fuska, a bar iyayensa cikin fargaba shekara da shekaru. In kuma aka kira sankara tawada, za a sallami mutum ya koma gida da abin da zai yi ajalinsa. Wannan lacca za ta bi diddigin yadda masana suka yi fama da wannan matsala tun daga ƙarshen ƙarni na 18 har zuwa yau, domin a ga abin da suka gano da abin da har yanzu ya gagare su.

ZAMANIN IDO DA WUƘA

A shekarar 1787 shahararren likitan fiɗa John Hunter ya cire wani ƙari daga muƙamuƙin wani mutum ɗan shekara 35 a birnin Landan. Hunter bai san sunan abin da ya cire ba, domin a lokacin ba a raɗa masa suna ba tukuna. Sai ya adana shi a cikin kwalba, aka ajiye a gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Ingila. Sai a shekarar 1968 aka duba wannan nama da madubin likita, watau madubin nan mai ƙara girman abu, aka tabbatar da cewa melanoma ce. Ashe an yi shekara 181 tsakanin yanka da sanin abin da aka yanka.

Wanda ya fara bayyana cutar a matsayin cuta mai zaman kanta shi ne René Laennec na Faransa, wanda daga baya ya ƙago abin sauraren ƙirji da likitoci suke ratayawa a wuya. Ya yi bayaninta a wata lacca a birnin Faris a 1804, yana ɗalibi, aka buga a 1806. Daga nan sai William Norris, wani likita a garin Stourbridge na Ingila, ya rubuta labarin wani majiyyacinsa a 1820. Mutumin yana da tawada a ciki, ta girma, aka cire, ta dawo, ta bazu a jiki har ya mutu. Norris ya lura da cewa mahaifin mutumin ma irin wannan ciwo ne ya kashe shi, kuma 'ya'yansa suna da tawada da yawa a jikinsu. Wannan shi ne farkon haɗa tawadar Allah da sankara da kuma gado a zance guda. Kalmar melanoma kuwa Robert Carswell ne ya shigo da ita a 1838.

A duk tsawon wannan zamani ido da hannu su ne kayan aikin likita. Al'amarin ya fara sakewa ne bayan Rudolf Virchow na Jamus ya wallafa littafinsa a 1858, inda ya nuna cewa a cikin ƙwayoyin jiki ake neman asalin cuta. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare an iya daskarar da nama a cikin kakin farafin, a yanka shi falle-falle, fiye da takarda rashin kauri, a rina shi da launuka, a shimfiɗa a kan gilashi, a duba. Ta haka aka sami sabon rukunin likitoci, likitocin awon nama, waɗanda ba safai suke ganin majiyyaci ba, amma hukuncinsu ne likitan fiɗa yake jira.

Hukuncin kuwa mai nauyi ne, domin a 1907 William Sampson Handley ya gabatar da laccoci a Landan inda ya ce melanoma ta hanyoyin kaluluwa take bazuwa, don haka lalle ne a yanke ta tare da fata mai faɗi a kewayenta, a kuma cire kaluluwar da ke kusa. Ya kafa hujjarsa ne a kan binciken gawa guda ɗaya, amma ra'ayinsa ya zama doka. A hankali sai al'ada ta zauna a kan yanke santimita 5 ta kowane ɓangare. Duk wanda ya auna santimita 5 a kuncin yaro ɗan shekara huɗu zai gane abin da kalmar melanoma take nufi in likitan awon nama ya rubuta ta.

YARAN DA CUTAR TA ƘI KASHEWA

A shekarar 1910 waɗansu likitocin fata biyu na Faransa, Darier da Civatte, suka gamu da wani jariri mai jan tsiro a hanci, wanda ya girma da sauri. Da suka duba naman sai suka kasa yanke hukunci, har ma taken rahoton da suka rubuta tambaya ce: tawada ce ko sankara? Shekaru sun shuɗe likitoci suna gamuwa da irin wannan jefi-jefi. A Asibitin Memorial na birnin Niu Yok, wanda ya shahara wajen maganin sankara, likitan fiɗa George Pack ya lura da wani abin mamaki. Yaran da aka ce suna da melanoma ba sa mutuwa kamar yadda manya suke mutuwa. Sai ya kira abin melanomar kafin balaga.

Wadda ta zauna ta tsefe wannan lamari ita ce Sophie Spitz. An haife ta a 1910 a birnin Nashville na Jihar Tennessee a Amurka, ta sami digirin likita a Jami'ar Vanderbilt a 1932, a zamanin da mata likitoci ba su da yawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta yi aiki a cibiyar awon nama ta sojojin Amurka, inda ita da James Ash suka wallafa littafi mai hotuna a kan cututtukan ƙasashe masu zafi a 1945. A Asibitin Memorial ne ta tattara bayanan yara 13, daga ɗan wata 18 zuwa ɗan shekara 12, waɗanda aka ce dukansu suna da melanoma. Ta wallafa sakamakon a 1948 a mujallar masu binciken cututtuka ta Amurka.

Abin da ta gani shi ne, a cikin yaran nan 13 guda ɗaya ce ta mutu, wata yarinya 'yar shekara 12. Sauran 12 suna nan lafiya lau, waɗansu an bi sawunsu har shekara 13. Alhali kuwa a ƙarƙashin madubi namansu yana da ban tsoro. Ƙwayoyin manya-manya ne, waɗansu dogaye masu tsini a baki biyu, waɗansu masu faɗi, waɗansu kuma ƙatta masu cibiya fiye da ɗaya. Irin wannan kama a jikin babban mutum, a wancan zamani, tamkar sanarwar mutuwa ce. Spitz ta kira abin melanomar yara. Ta yi zaton cewa sankara ce ta gaskiya, amma akwai wani abu a jikin yaro kafin balaga da yake danne ta, ya hana ta bazuwa.

Wannan zato nata bai tsaya ba, kuma ita kanta tana cikin waɗanda suka gyara shi. A 1953 ita da mijinta Arthur Allen, wanda shi ma likitan awon nama ne, suka wallafa wani babban nazari inda suka lissafa wannan tsiro a cikin waɗanda ba su da illa, suka kuma nuna cewa akan same shi a jikin manya. In kuwa ana samunsa a jikin baligi, to, ba balaga ce ta raba shi da sankara ba, shi ɗin ne tun asali wani abu dabam. Spitz ta rasu a 1956 tana da shekara 46, sankarar hanji ce ta yi ajalinta. A 1960 Kernen da Lauren Ackerman suka sauya sunan tsiron, suka cire kalmar melanoma daga ciki, domin sunan kansa yana jawo tiyatar da ba a bukata. Daga baya sunan da ya zauna a bakin likitocin duniya shi ne tawadar Spitz.

Muhimmancin aikinta ya wuce batun suna. Kafin ita, an ɗauka cewa munin kamar ƙwaya shi ne ma'aunin muguntarta. Yaran nan 12 da suka rayu sun nuna cewa kama da wane ba ta wane, kuma hukuncin madubi sai an gwada shi da abin da ya sami majiyyaci daga baya.

KA'IDOJIN RARRABEWA

Da aka yarda cewa akwai tawada mai kama da sankara, sai aiki ya koma ga neman alamomin da za su raba su. A 1977 David Weedon da abokin aikinsa Little suka nazarci tawadar Spitz guda 211 a Ostareliya, ƙasar da melanoma ta fi addaba saboda Turawa masu farar fata da ke zaune cikin rana mai ƙarfi. A 1979 Hideko Kamino da abokan aikinta suka bayyana waɗansu 'yan dunƙule masu launin ja-ja da akan gani a saman irin wannan tawada, waɗanda yanzu ake kira da sunanta. Daga irin waɗannan nazarce-nazarce ne aka tsamo ka'idojin da ake koya wa ɗalibai.

Ka'ida ta farko ita ce daidaito: in aka raba tawada biyu, rabin dama yakan yi kama da rabin hagu, sankara kuwa takan karkace. Ta biyu ita ce iyaka: tawada takan tsaya cak a bakinta, sankara kuwa takan watsa ƙwayoyi ɗaiɗai gaba da inda ake zaton ta ƙare. Ta uku ita ce abin da masana suke kira nuna: a cikin tawada, ƙwayoyin sukan riƙa ƙanƙancewa yayin da ake nutsawa ƙasa, amma a cikin sankara na ƙasa girmansu ɗaya da na sama. Ta huɗu ita ce rabuwar ƙwaya: in aka ga ƙwayoyi suna rabewa biyu a can gindin tsiro, abin damuwa ne. Bugu da ƙari akan duba shekarun majiyyaci, domin abin da za a kwantar da hankali a kansa a jikin ɗan shekara biyar, dole a yi taka-tsantsan da shi a jikin ɗan shekara hamsin. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan alamomi da ta isa hujja ita kaɗai.

Har ila yau, tawadar Spitz ba ita kaɗai ce mai rikitarwa ba. Akwai shuɗiyar tawada, wadda Tièche ya bayyana a 1906, wadda rininta yake can ƙasa cikin fata har ya sa ake ganinta shuɗiya, kuma wani nau'inta yakan yi kauri ya nutsa har a zaci sankara ce. Akwai tawada mai farin kewaye, wadda Sutton ya bayyana a 1916, inda sojojin jiki suke far wa tawadar su cinye ta. Akwai baƙar tawadar da Richard Reed ya bayyana a 1975, wadda takan fito farat ɗaya, baƙa wuluk, galibi a cinyar 'yan mata. Akwai kuma tawadar da aka yanke ba a cire duka ba, wadda in ta sake tsirowa a cikin tabo takan yi kama da melanoma ƙwarai, kamar yadda Kornberg da Bernard Ackerman suka nuna a 1975. Wannan ya sa wajibi ne a shaida wa likitan awon nama in an taɓa yanka wurin a baya.

Waɗansu kuma ba da melanoma suke kama ba, da waɗansu ƙarin fata suke kama. Ita kanta tawadar Spitz sau da yawa ja ce, ba rini a cikinta, har likita ya ɗauka tsiron jijiyoyin jini ne. Wata tawada takan tara zaruruwa masu tauri a cikinta har ta yi kama da ƙarin nan mai tauri da kan fito a ƙafa, wata kuma takan yi kama da ƙarin jijiya. Mafi hatsari shi ne akasin haka, watau melanomar da ta yi shigar burtu, ta fito da daidaito da iyaka kamar tawadar Allah ta yau da kullum.

TAWADAR DA AKE HAIHUWA DA ITA

Ita tawadar Spitz galibi bayan haihuwa take fitowa. Wadda ake haihuwa da ita tata matsalar dabam ce. Kimanin jariri ɗaya cikin 100 yakan zo duniya da ƙaramar tawada, kuma da wuya ƙwarai ta zama wani abu. Amma akwai babba, wadda kan rufe baya ko cinya gaba ɗaya, sau da yawa da gashi a kanta, wadda ake samu a jariri ɗaya cikin kimanin 20,000. Ita wannan tana da hatsarin rikiɗewa zuwa sankara fiye da sauran. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, a cikin watannin farko na rayuwa waɗansu ƙulli sukan tsiro a cikinta da sauri, cike da ƙwayoyi masu rabewa, waɗanda a madubi suke kama da melanoma, amma yawancinsu sukan tsaya da kansu, waɗansu ma su lafa. A 2013 Veronica Kinsler da abokan aikinta a Landan suka nuna cewa yawancin irin wannan babbar tawada daga wani sauyi ne da ke aukuwa a ƙwayar gado mai suna NRAS tun jariri yana ciki. Sauyin a jikin ɗan tayi yake faruwa, ba daga iyaye aka gada ba, kuma ba shi da alaƙa da wani abu da uwa ta ci ko ta gani lokacin goyon ciki.

SAƁANIN MASANA

Wajen auna hatsarin melanomar da aka riga aka tabbatar, an sami ci gaba mai ƙwari. Wallace Clark a 1969 ya kasa zurfinta hawa biyar, sannan Alexander Breslow a 1970 ya nuna cewa kaurinta a ma'aunin milimita shi ne ya fi nuna makomar majiyyaci. A 1988 wani gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙarƙashin jagorancin Umberto Veronesi na Italiya, ya nuna cewa ga melanoma marar kauri yanke santimita 1 yana ba da sakamako irin na santimita 3. Ta haka aka sassauta dokar da aka gada daga zamanin Handley.

Amma tambayar farko, watau tawada ce ko sankara, ba ta gushe ba. A 1989 Smith da abokan aikinsa suka ba da rahoton waɗansu tsiro masu kama da tawadar Spitz waɗanda suka kai ga kaluluwa, amma suka tsaya nan ba su wuce ba. Wannan ya girgiza masana, domin a da an ɗauka cewa duk abin da ya kai kaluluwa sankara ce mai kisa. A 1999 Raymond Barnhill ya rarraba wa ƙwararru 10 gilasai 30 domin kowa ya faɗi ra'ayinsa ba tare da sanin abin da ya sami majiyyatan ba. A cikin guda 17 masu kamar Spitz, a kan ɗaya tak aka sami mutum shida ko fiye da suka yi ittifaƙi. Daɗin daɗawa, waɗansu tsiron da suka kashe masu su, yawancin ƙwararrun ba su kira su melanoma ba. A 2017 Joann Elmore ta jagoranci wani nazari mafi girma, da likitocin awon nama 187 a Amurka da samfuri 240. An tarar cewa a kan tawada ta sarari da sankarar da ta nutsa sosai ra'ayi yakan zo ɗaya, amma a kan abin da ke tsakani saɓani ya yi yawa, har likita guda yakan saɓa wa kansa in aka sake ba shi gilashin bayan watanni.

Darasin da aka ɗauka shi ne, ba kullum ba ne rashin ƙwarewa ke kawo saɓani. Akwai tsiron da a haƙiƙa yake tsakani. Saboda haka a rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 an kasa dangin Spitz gida uku: tawadar Spitz marar illa, da ƙarin Spitz mai shakka, da melanomar Spitz. Gida na tsakiya amincewa ce a rubuce cewa akwai inda sani ya tsaya, kuma maganinsa shi ne a cire tsiron duka, a ci gaba da lura da majiyyaci.

SABABBIN KAYAN AIKI

Ta fuska uku aka ƙara wa likita ƙarfin gani. Ta farko ita ce duba fata kafin a yanka. A 1985 Friedman da Rigel da Kopf na Jami'ar Niu Yok suka tsara alamomi huɗu da kowa zai iya lura da su: rashin daidaito, da baki mai karkace-karkace, da launi fiye da ɗaya, da faɗin da ya wuce milimita 6. A 2004 aka ƙara ta biyar, watau sauyawa, wadda da yawa suke ganin ta fi sauran muhimmanci. A 1987 kuma Pehamberger da abokan aikinsa a birnin Biyena suka tsara yadda ake karanta zanen rini da ɗan madubi mai fitila da ake ɗorawa a kan fata.

Ta biyu ita ce rini na musamman a ɗakin awo. Tun daga shekarun 1980 aka sami sinadarai, irin su S100 da HMB-45, masu kama ƙwayoyin rini. Da su ake gane ko tsiro daga ƙwayoyin rini yake ko daga jijiya ko daga zaruruwan fata. Sun warware matsalar tawada mai kama da waɗansu ƙari, amma ba su iya raba tawada da melanoma kai tsaye, tun da asalinsu ɗaya.

Ta uku ita ce binciken ƙwayoyin gado. Boris Bastian ya nuna cewa melanoma takan zo da ɓarna mai yawa a ƙunshin gadonta, wani sashe ya ƙaru, wani ya ɓace, alhali yawancin tawadar Spitz ba su da wannan ɓarna, kuma a shekarar 2000 ya gano sauyin ƙwayar HRAS a waɗansunsu. A 2002 aka gano sauyin ƙwayar BRAF a kimanin rabin melanoma, amma shekara guda bayan haka aka tarar da shi a yawancin tawadar Allah ta yau da kullum, wanda ya nuna cewa sauyi guda ba ya mai da ƙwaya sankara. A 2014 Thomas Wiesner da abokan aikinsa suka gano cewa kimanin rabin dangin Spitz suna ɗauke da ƙwayoyin gado biyu da suka manne da juna, irin su ALK da ROS1 da NTRK1. Bayan shekara 66 da rahoton Spitz, an sami shaida daga cikin ƙwaya cewa abin da ta gani dangi ne mai zaman kansa.

INDA ABIN YA SHAFI BAƘAR FATA

Kusan duk wannan tarihi a kan farar fata aka gina shi, domin a nan melanoma ta fi yawa. Rinin da ke cikin baƙar fata garkuwa ce daga rana, saboda haka cutar ba ta da yawa a tsakanin mutanen Afirka. Amma in ta zo, takan zo ne inda rini ya yi ƙaranci, watau tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce. Tun a 1886 Jonathan Hutchinson ya bayyana ta farce, ya lura da yadda baƙin yake tsallakowa daga farce zuwa fatar da ke kewaye. Reed ne ya ware wannan nau'i da suna nasa a 1976. Shi ne ya kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, bayan an gano shi a ɗan yatsan ƙafarsa a 1977, inda da farko aka ɗauka raunin ƙwallo ne.

Rahotannin asibitocin koyarwa na Nijeriya sun daɗe suna nuna abu guda: yawancin melanomar da ake gani a ƙafa take, kuma masu ita sukan zo asibiti bayan ta yi nisa. A nan ma kama ce ke yaudara. Baƙaƙen ɗigo marasa illa suna da yawa a tafin ƙafar baƙar fata, haka ma baƙin layi a farce. Ita kuma sankarar akan ɗauke ta a matsayin kanta, ko gyambo, ko ciwon ƙaya, ko kuma ƙarin Kaposi, wanda shi ma a ƙafa ya fi fitowa. Toshiaki Saida da abokan aikinsa a Japan sun samo alama mai amfani. Zanen tafin ƙafa kamar gonar da aka yi wa huɗa yake, akwai kunya akwai kwari. In aka duba da madubin fata, rinin tawada a cikin kwari yake kwanciya, na sankara kuwa a kan kunya yake hawa.

KAMMALAWA

Daga kwalbar Hunter zuwa binciken ƙwayoyin gado an yi tafiyar fiye da shekara 200, kuma kowane mataki ya rage yawan yaran da ake yanka ba gaira ba dalili da yawan manyan da ake sallama da cuta a jikinsu. Amma duk wannan ilmi a kan abu uku yake tsaye, waɗanda ba sa bukatar na'ura mai tsada. Na farko, mai tawadar da ta sauya girma ko launi, ko ta fara zubar da jini, musamman a tafin ƙafa ko a farce, ya kai kansa asibiti, kada ya bari a ƙone ta ko a tsaga ta a gida. Na biyu, duk tsiron da aka cire a sa shi a ruwan adana nama a aika ɗakin awo, tare da shekarun majiyyaci da wurin da aka ciro shi da tarihinsa, kada a jefar. Na uku, in likitan awon nama ya yi shakka, ya sami hanyar neman ra'ayin ɗan'uwansa. Na farko yana wuyan jama'a da masu wayar musu da kai. Na biyu da na uku kuwa suna wuyan masu tsara kasafin kuɗin lafiya da masu horar da ma'aikata, domin asibitin da ke da ɗakin tiyata amma ba shi da hanyar awon nama, har yanzu a zamanin Hunter yake aiki.